Tambaya da Amsa: Rijiyar Burtsatse a Makarantu da Ƙauyukanmu

Tun da bazara ta kama, galibin wasiƙun da ke shigowa wannan fili daga Kebbi da Zamfara a kan ruwan sha suke, kuma mafi yawansu sun shafi rijiyar burtsatse ne, ko dai wadda aka haƙa ta daina ba da ruwa, ko wadda ake shirin haƙawa, ko kuma wadda take da ruwa amma mutane suka guje ta. Na zaɓo shida daga ciki na taƙaita su, domin amsar mutum ɗaya za ta wadatar da masu tambaya da dama.

Tambaya, daga wani shugaban makarantar firamare a ƙasar Zuru: Assalamu alaikum. Makarantarmu tana da ɗalibai 400 da malamai 10. Bara waccan wani bawan Allah ya haƙa mana burtsatse mai tuƙa-tuƙa, muka sha ruwanta damina da kaka, amma tun da watan Maris ya shiga sai a yi ta tuƙi babu ko ɗigo. Yanzu yara suna barin aji su tafi rafi da robobi, wasu ba sa dawowa har a tashi. Ga shi wani ɗan garin ya yi alkawarin haƙa mana sabuwa. Me za mu yi don kada a maimaita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa kula da yaran nan. Kafin a yi maganar sabuwa, ina so ka tabbatar ko tsohuwar ƙafewa ta yi ko famfonta ne ya lalace, domin daga waje su biyun kamarsu ɗaya, amma kuɗin maganinsu ya yi nisa da juna. Ka je da asuba kafin kowa ya taɓa ta, ka tuƙa da hannunka. Idan ruwa ya zo bokiti biyu ko uku sannan ya ɗauke, to rijiyar tana da rai, sai dai ko ruwanta kaɗan ne, ko kuma ya ja ƙasa da bazara har ya bar bakin famfon a sama. Idan ka ji hannun famfon ya yi sakayau, yana hawa da sauka babu nauyi, wataƙila sarƙa ce ta tsinke, ko sandar ƙarfen da ke cikin bututu ta kwance, ko robar da ke ɗago ruwa ta cinye. Makanikin famfo zai iya zare bututun a wuni guda, ya zura igiya mai nauyi a baki, ya auna maka zurfin rijiyar da inda ruwa ya tsaya. Sau da yawa ƙarin bututu biyu ko uku da sabuwar roba su ne duk abin da ake bukata.

In kuwa ta tabbata ƙafewa ta yi, to sai mu dubi ƙasar da kuke kai. Jihar Kebbi iri biyu ce ta fuskar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da Gwandu da kewayensu ƙasa ce mai shimfiɗun yashi da yumɓu, wani kan wani, kuma ruwa yana kwance cikin yashin a faɗin wuri mai yawa, har a wasu wuraren fadama idan aka huda yumɓun da ya danne shi yakan taso da ƙarfinsa. A can, wanda ya yi zurfin da ya kamata da wuya ya rasa ruwa. Ƙasar Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba da Yawuri, da kuma mafi yawan Zamfara, wato su Gusau da Tsafe da Maru da Anka, a kan tsohon dutse suke zaune. Shi dutse ba ya riƙe ruwa sai a inda samansa ya ruɓe ya zama ɓarɓashi, ko inda ya tsage. Shi ya sa za ka ga an haƙa a nan an sami ruwa mai yawa, a matsa taku hamsin a haƙa a tarar da ƙura zalla. A irin ƙasarku ba shugaban makaranta ne zai nuna wurin haƙa ba, ba kuma mai ba da kuɗi ba. Masanin ruwan ƙasa ne zai zo da na'urarsa, ya kafa ƙarafa a ƙasa, ya tura lantarki, ya gano inda ɓarɓashin ya fi kauri ko inda dutsen ya tsage. Ko da wurin da ya nuna ya faɗa bayan shingen makaranta, a bi maganarsa, a nemi yardar mai filin a rubuce a gaban hakimi.

Abu na gaba shi ne yarjejeniya da ɗan kwangila, kuma a nan ne aka fi cutar makarantun karkara. Na taɓa tsayawa a bakin wata rijiyar makaranta da takarda ta ce zurfinta mita 60, muka ɗaura ƙarfe a igiya muka zura, ya dira a mita 28. Ranar da aka haƙa ta babu wani ɗan gari da ya tsaya, an dai kawo wa ma'aikata abinci an koma gida. Don haka ka wakilta malami ɗaya da dattijo ɗaya su zauna a wurin daga farko har ƙarshe da littafi a hannu, su ƙirga sandunan haƙa da suka shiga ƙasa, su tambayi tsawon kowace, su ƙirga bututun roba da aka zura, su rubuta nawa ne masu tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsu. Su ga an zuba tsakuwa wankakkiya a kewayen bututun, su kuma ga an toshe mitocin sama da siminti, domin wannan simintin ne yake hana ƙazantar saman ƙasa ta bi jikin bututu ta gangara cikin ruwan da yara za su sha.

Kada a biya cikon kuɗi sai an yi gwajin ja, wato a saka inji a yi ta jan ruwa na sa'o'i masu yawa ba tsayawa, ana auna yadda yake sauka da kuma yadda yake dawowa bayan an kashe. Rijiyar da ta yi ambaliya minti goma a gaban masu ɗaukar hoto ba ta nuna komai ba tukuna. Lokacin da ya fi dacewa da haƙa da gwaji shi ne yanzu, tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya kai iyakar ja da bayansa, saboda abin da rijiya ta bayar a wannan lokaci shi ne gaskiyarta. Dole rijiyar ta yi nesa da masai da juji da aƙalla mita 30, kuma kada ta kasance a gangaren da ke ƙasa da su. A ƙarshe ka karɓi kwafin takardun binciken wuri da na zurfi da na gwajin ja da na gwajin ingancin ruwa, ka adana su a ofishinka tare da rajistar makaranta, domin makanikin da zai zo gyara bayan shekara biyar da su zai yi aiki.

Tambaya, daga wata uwa a ƙaramar hukumar Anka: A garinmu ana aikin zinari, kuma har yanzu muna tuna yaran da gubar dalma ta kashe. An yi mana burtsatse, ruwanta garau. Shin ya kuɓuta daga dalma? In na tafasa wa yara, ya wadatar?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya raya mana waɗanda suka rage. Tsoronki yana kan hanya. A shekarar 2010 ne aka gano annobar a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya da Bagega, kuma yara fiye da 400 ne suka rasu. Abin da ya jawo ta shi ne dutsen zinarin da ake kawowa cikin gida ana daka shi ana niƙawa, alhali yana ɗauke da dalma mai yawa, sai ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe su kai hannu baki. Saboda haka ne ma aikin ceton ya haɗa da kankare saman ƙasar gidaje a zuba sabuwa, bayan maganin da likitoci suka riƙa ba yaran.

Burtsatsen da aka toshe samanta da siminti yadda ya kamata ta fi buɗaɗɗiyar rijiya aminci nesa ba kusa ba, balle kududdufin da ake wanke dutse a cikinsa. Amma hasken ruwa ba shaida ba ne, domin dalma ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano a cikin ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma, hasali ma in ruwan ya daɗe a wuta ya ragu sai dalmar ta ƙara taruwa a abin da ya saura. Alif ma ba abin dogaro ba ne a nan. Hanya ɗaya ce tak, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji a ce musamman a auna dalma, domin ba kowane gwaji ne yake haɗawa da ita ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Najeriya ma take bi, shi ne kada ta wuce miligiram 0.01 a lita guda. Ku sa kwamitin ruwan garinku ya kai buƙatar ga sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ko hukumar ruwan karkara ta jiha, kuma ku nemi a ba ku sakamakon a rubuce.

Ko da ruwan ya fito da kyau, ki sani ƙura ce babbar hanyar dalma zuwa cikin yaro. Kada a wanke dutse ko kayan aikin zinari a dakalin famfo, a rufe randa da jarka, maigida ya sauya tufafin aiki ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kuma kada a yi amfani da turmin abinci ko injin niƙan hatsi wajen dutse. Yaron da ya fara yawan amai da ciwon ciki da kasala, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti a faɗa wa likita cewa ana aikin zinari a garin.

Tambaya, daga wani magidanci a ƙasar Jega: Burtsatsenmu tana da ruwa sosai, amma in aka ɗebo aka ajiye sai ya yi ja, yana ƙarnin ƙarfe, yana ɓata fararen kaya, shayi ma baƙi yake yi. Mata sun koma gulbi. Ruwan nan yana da illa ne?

Amsa: Malam, sinadarin ƙarfe ne a cikin ruwan, kuma sananne ne a wasu rijiyoyin yankinku. Yana da tushe biyu, kuma za ka iya bambance su da kanka. Idan ruwan farko na safe ne yake fitowa jawur, bayan an ɗebi bokitai da yawa ya washe, to bututun ƙarfen da ke cikin rijiyar ne yake tsatsa, maganinsa a sauya shi da na roba mai kauri ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan kuwa kullum garau yake fitowa sai ya sha iska ya juya, to daga ƙasa yake. Wannan sai a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen mazubi da aka rufe da ƙyalle mai tsabta, jan ya kwanta, a tsiyaye na sama, ko kuma a gina ƙaramin tankin da ruwa zai zubo ta kan tsakuwa ya sha iska, sannan ya ratsa yashi kafin ya fita.

A yawan da aka saba samu, ƙarfen nan ba ya cutar da lafiya, muninsa a ido da harshe yake. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne komawa gulbi. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ga taifot, ga tsargiya da ke sa yaran bakin ruwa fitsarin jini. Manyanmu suna tuna yadda kurkunu yake kwantar da manomi da tsakar damina. A 1988 an ƙirga masu cutar fiye da 650,000 a ƙasar nan, kuma tace ruwa da haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, da yawon wayar da kai irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi, su suka kai mu ga shaidar rabuwa da ita a 2013. Ina ba da shawara mata su riƙa wanki a inda suka ga dama, amma na sha da na girki ya fito daga burtsatse, a kuma roƙi liman ya faɗi haka bayan sallar Juma'a.

Tambaya, daga sakataren kwamitin wata makaranta a ƙaramar hukumar Bungudu: An ba mu zaɓi tsakanin tuƙa-tuƙa da mai aiki da hasken rana. Mutanen gari ma za su riƙa ɗiba. Wanne ya fi, kuma wa zai ɗauki nauyin gyara?

Amsa: Malam sakatare, lissafi ne zai raba gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 5 a rana ga kowane ɗalibi da malami a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 kuma a ta kwana, ban da na bayan gida. Makaranta mai mutum 400 tana bukatar lita 2,000 ke nan, wato jarka 80 mai cin lita 25, kuma tuƙa-tuƙa mai lafiya zai iya ba da wannan cikin 'yan sa'o'i. Amma akan tsara tuƙa-tuƙa ɗaya ne don mutum kamar 250 masu ɗibar ruwan gida, saboda haka in gari guda ya taru a kansa tare da makaranta, layin jarkoki zai kori yara, famfon kuma ba zai shekara lafiya ba. Haka nan in ruwa ya yi ƙasa da mita 45 ko kusa da haka, tuƙin yakan fi ƙarfin yaro.

Mai hasken rana ya fi dacewa da jama'a mai yawa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ya bar mai janareto a baya. Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole gwajin ja ya nuna rijiyar za ta iya ciyar da injin, in ba haka ba zai zuƙe ta ya ci gaba da juyi a bushe har ya ƙone, don haka a tabbatar an saka masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa. Tanki ya isa riƙe ruwan yini guda saboda ranakun hadari da ƙurar hunturu, a riƙa goge faya-fayan hasken ranar da tsumma mai laushi, a yi musu walda a kan ƙarfe mai tsawo a kewaye da waya, domin satarsu ta yi yawa. A ja layi biyu daga tankin, ɗaya zuwa cikin makaranta kusa da azuzuwa da masai, ɗaya zuwa bayan katanga don mutanen gari, kowanne da makullinsa. A garin da hanya ba ta da tsaro har mai gyara yake jin tsoron zuwa, ni tuƙa-tuƙa biyu zan zaɓa a kan sola ɗaya, saboda ɗan gari zai iya koyon gyaransa da sifana biyu.

Game da nauyin gyara, mu daina yaudarar kanmu da cewa wanda ya haƙa zai dawo. Yawancin famfunan da suka daina aiki a ƙauyukanmu, akuya na kwana a dakalinsu, akwai ruwa a ƙarƙashinsu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ku kafa kwamitin ruwa tun kafin motar haƙa ta iso, da wakilin makaranta da na hakimi, kuma a sa mata a ciki, har ma a ba ɗayarsu ajiyar kuɗi, domin su ne suke fara jin sauyin ƙarar famfo kafin ya tsaya. A yanka wa kowane gida ɗan abin da zai riƙa bayarwa a wata, ko kwanon hatsi da kaka, 'yan ga-ruwa su biya bisa kura, ɗalibai da marayu da gajiyayyu kuwa a ɗauke musu. A riƙa karanta lissafin a bainar jama'a, a sayi roba da boris da man giris a ajiye tun ba a bukace su ba.

Tambaya, daga wani malamin asibiti a ƙasar Bagudo: Idan ambaliya ta shanye famfo, kamar yadda ta yi mana a 2020, za a iya sha bayan ruwa ya janye?

Amsa: A'a, Malam, sai an wanke rijiyar. Ruwan ambaliya yana ɗauke da abin da ya kwaso daga masai da turken dabbobi, kuma yana shiga ta bakin famfo da tsagar dakali. A ja ruwan har ya washe, a zuba kulorin mai ƙarfi bisa awon ma'aikacin ruwa, a tuƙa har a ji warinsa a baki, a rufe ta ta kwana, washegari a zubar har warin ya tafi, sannan a gwada. Kafin nan a tafasa na sha ko a sa masa kulorin na gida. In za a sake gini a fadama, a ɗaga dakalin ya wuce inda ambaliya ta saba kaiwa.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Gusau: Ina so in haƙa burtsatse sadaka ga mahaifina da ya rasu. A ƙauyenmu akwai guda uku da suka lalace. Wasu sun ce in gyara su, ni kuma ina ganin sabuwa ta fi lada.

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya karɓi niyyarka. Ka bi sahun Sa'adu ɗan Ubada, wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. Hukuncin lada na malamai ne, ka tuntuɓe su, amma ka tuna Sayyidina Usman ma rijiyar Ruma da ya bar wa Musulmi a Madina sayenta ya yi, ba shi ya haƙa ta ba.

Ta fuskar aikina, ga abin da zan ce. Haƙa da bututun ciki su ne suke cinye mafi yawan kuɗin burtsatse, kuma a rijiyoyin nan uku an riga an biya su. Ka ɗauki makaniki ka biya shi ya buɗe kowace, ya auna zurfi da ruwa, ya rubuta maka abin da ya lalace. Wadda ta rufta ko ta ƙafe a bar ta, a toshe bakinta da siminti don kada ta zama hanyar ƙazanta. Waɗanda ke da ruwa a wanke su, a sa musu sabon famfo, a gyara dakali da magudana, ka fara da wadda ta fi kusa da makaranta. Daga abin da ya rage ka tura matasa biyu na ƙauyen su koyi gyara, ka saya musu akwatin kayan aiki, ka kuma ware wani abu da za ka riƙa aikawa asusun kwamitin duk shekara da sunan marigayin. In binciken ya nuna duk ukun sun mutu, to ka haƙa sabuwa, ka bi matakan da na zayyana wa shugaban makarantar Zuru, kuma ranar gwajin ja ka bar kasuwa ka je ka tsaya da kanka.